Tukunyar Tafashiya

Ruwan ya gangara cikin kwata yana tururi, ja wur kamar shayin da aka manta a kan wuta, warin ɗacinsa ya cika barandar asibitin. Irene ta ci gaba da karkata tukunyar har saiwa ta ƙarshe ta faɗo. Sannan ta miƙe, ta miƙa wa mai ita tukunyar da hannu biyu, tana ɗan rusunawa.

Matan Zumunta suka yi cirko-cirko cikin zannuwansu iri ɗaya. Duk wanda ya tashi a Sabon Tasha ya san ƙa'ida: abin da Zumuntar Mata ta cocinku ta ɗauko ta kawo wa majinyaci, karɓa ake yi a yi godiya, ko da kuwa ba zai ciwu ba. In zubarwa za ka yi, ka bari su gama waƙa su hau keke mai ƙafa uku tukuna. Irene ba ta jira ba, don ta riga ta hango cokali a hannun ɗaya daga cikinsu.

"Irene," in ji Mama Gloria, shugabar zumuntar. "Ni na fara yi miki wanka a duniya. Da uwarki na raye, da kunya ta kashe ta yau."

"Na sani, Mama. Ku yafe mini. Amma ko ɗigo ba zai shiga bakin Baba ba."

"To ba maganinki ba ne? Ba shi kike ba ɓeraye suna miƙewa ba? Ubanki da bakinsa ya faɗa mana!"

A nan gizo ke saƙar. Baba Elisha, mahaifin Irene, mutum ne da magana ba ta kwana a cikinsa. A sashen rini ya yi ƙuruciyarsa, a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, kuma tun da aka garƙame masaƙar ba shi da abin yi sai waƙar coci da hirar benci. Da 'yarsa ta fara digiri na uku a fannin magunguna ta ce tana neman saiwar tafashiya, sai tsoho ya samu sana'a. Shi ne zuwa bakin rafin Romi da fartanya, shi ne wankewa, shi ne shanya a kan kwanon rufi yana korar awakin maƙwabta. Bai taɓa cewa "aikin Irene" ba, "aikinmu" yake cewa. Wata Lahadi kuwa, da aka buɗe lokacin shaida, ya tashi ya sanar wa jama'a cewa Ubangiji ya nuna wa gidansa maganin shanyewar ɓarin jiki.

Ba haka ta gaya masa ba. Abin da ta ce masa, suna zaune a ƙofar gida, shi ne: idan jijiya ta toshe a ƙwaƙwalwa, abin kamar gobara ne a kasuwa. Rumfar da wuta ta fara kamawa ta tafi ke nan, amma na kewaye da ita suna nan tsakanin tsira da ƙonewa na ɗan lokaci. Daga cikin saiwar nan ta tace wani sinadari guda, ba ruwan dafuwa ba, kuma a jikin ɓeraye ya nuna alamar yana rage kumburin da ke ƙarasa rumfunan kewayen. Ta maimaita masa kalmar "alama". Ta maimaita masa "ɓeraye". Baba Elisha ya gyaɗa kai, ya ɗauki abin da ya yi masa daɗi, ya bar mata sauran.

Ranar da abin ya same shi, da safe ne, yana shan koko. Kofin ya suɓuce, bakinsa ya karkace, ya buɗe baki zai kira ta sai wani gurnani ya fito. Irene ba ta tsaya neman man shafawa ko kiran fasto ba. Ta tare keke a bakin titi, ta sa aka ciccibe shi, sai asibiti. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna toshewa a ɓangaren hagu. Likita ya sa aka zura masa roba ta hanci, ta nan abinci da maganin tsinka jini za su riƙa bi, ya kuma ja kunne cewa maƙogwaron tsohon ba ya rufewa daidai: duk abin da aka zuba masa a baki, huhu zai nufa.

Kashegari ne matan suka zo da tukunya, suka koma da ita wayam.

Kafin la'asar labari ya kai garejin Kakuri inda Ernest, yayan Irene, yake gyaran motoci. Ya iso asibiti da baƙin mai har gwiwar hannu, ya ja ta gefe kusa da tankin ruwa.

"Ke wai me ke damunki ne? Mama Gloria fa! A gaban mutane?"

"Yaya, da sun ba shi, da yanzu wata maganar muke yi. Likita ya ce..."

"Na ji, ba a ba shi ta baki. Na yarda. Amma naki fa? Na cikin firjin makarantarku, wanda ake yi da allura? Baba ya ba ni labari. Je ki ɗauko."

"Ba zan ɗauko ba."

Ernest ya dube ta kamar bai santa ba. "Sake faɗa in ji."

"Ban san adadin da jikin mutum zai ɗauka ba. Ba a taɓa sa wa ɗan'adam ba. Kuma yana tsinka jini, ga shi an riga an ɗora Baba a kan wani mai tsinkawar. A cikin ɓerayena akwai waɗanda jini ya ɓalle musu a ka."

"Akwai kuma waɗanda suka miƙe."

"Akwai."

"To zai iya yi masa aiki ko ba zai iya ba? Ban da turanci, abeg. E ko a'a."

Ƙarya ɗaya da ta kashe maganar nan take. Irene ta ji ta a kan harshenta, mai sauƙi, ta haɗiye. "Wataƙila ya yi. Wataƙila kuma ya kashe shi kafin gari ya waye. Ban sani ba, Yaya. Babu wanda ya sani."

"Wato ɓeraye sun fi ubanki gata ke nan." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Likitar ɓeraye! Mutumin da ya yi ta haƙa rami a bakin rafi, sauro na cinsa, don ki zama wata abu. Yau ya kwanta kin ce ba ki sani ba."

Ya tafi ya bar ta nan. Maganar ta yi mata ciwo, don rabinta gaskiya ne.

Na Ernest mai sauƙi ne a kan na Baba. Bayan 'yan kwanaki idon tsohon ya washe, ya fara gane mutane, sai dai harshe ya ƙi. Kalma ɗaya ta rage masa, "to", da ita yake gaisuwa, da ita yake faɗa. Irene na goge masa fuska da tsumma mai ɗumi sai ya kama hannunta da hagunsa mai lafiya. Ya saki, ya yi alamar sara da fartanya. Ya nuna ta, ya nuna damtsensa na dama da ke kwance a kan zanen gado kamar ba nasa ba. Sannan ya dunƙule yatsu ya yi alamar tsira allura.

"To," in ji shi. "To. To!"

Ta durƙusa a gefen gadon. "Baba, na gane. Ba zan yi ba."

Idonsa ya kaɗa.

"Aikinmu bai nuna ba tukuna. Kai ka koya mini ba a cire yadi daga rini don mai shi yana sauri. In na sa maka na rasa ka, da wane ido zan dubi kaina? Ka yi fushi da ni, na yarda. Amma ba zan yi ba."

Baba Elisha ya daɗe yana kallonta. Sai ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya ja jikinsa da hannu ɗaya, da ƙyar, da nishi, har ya juya mata baya ya fuskanci bango. Ta kai hannu za ta gyara masa matashi, ya ture.

Da rana tsaka ta bar asibitin ta hau bas ta tsallaka gada zuwa makaranta. Ɗakin gwaji ba kowa sai ƙugin janareta. Ta buɗe firji. Ga 'yan kwalaben nan a jere, ruwan cikinsu garau, ba ja ba ɗaci, ba wanda zai ce daga saiwa ya fito. Ta ɗauki ɗaya ta riƙe har sanyinta ya shiga tafin hannunta. A ranta ta fara lissafin nauyin Baba da nauyin ɓera, ta ga lissafin yana tafiya sumul, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan. Ba wanda zai gani. Robar ƙarin ruwa na nan a hannunsa, minti ɗaya ya isa.

A kejin da ke bayanta wani ɓera yana ta zagaye wuri ɗaya, kullum ta gefe guda, irin na waɗanda aka toshe wa jijiyar ƙwaƙwalwa ba a ba su sinadarin ba. Na kusa da shi, wanda aka ba, yana tafiya sak yana shinshina dusa. Keji na gaba kuwa babu kowa. Ita da hannunta ta buɗe kan mai shi a makon da ya wuce, ta ga jinin da ya kwanta a ciki.

Ta mayar da kwalbar, ta rufe firjin, ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai isarta. Da ta gama ta wanke fuska ta koma asibiti, don lokacin juya Baba ya yi.

Aka sallame su damina na tsaka. Gidan ya zama wurin aiki. Kowace safiya Irene ce ke miƙar da ƙafar, ta lanƙwasa, ta miƙar, yadda masu gashin ƙashi na asibiti suka nuna mata. Ita ce awon jini, ita ce dama kunu mai kauri da aka ce maƙogwaronsa zai iya da shi bayan an cire roba. Baba yana karɓar komai, yana yin duk abin da ta ce, amma idonsa na kan taga. In Ernest ya shigo, fuskar ta saki. In ita ce, sai ya sha mur da rabin fuskar da ke motsi. Wata rana ta fito ta tarar ya sa an sauko da sauran saiwar da ke kan rufi, an zuba a bola.

Ƙafar ta dawo, tana ja. Ya fara takawa daga ɗaki zuwa ƙofar gida da sanda, daga baya har bakin titi. Kalmomi suka riƙa dawowa ɗai-ɗai, "ruwa", "zo", "Yesu", ba mai haɗuwa da wata. Hannun dama dai ya tafi. Yatsun suka dunƙule suka ƙi buɗewa, kuma duk ran da Ernest ya zo ya zauna yana murza su, sai ya ɗago ya dubi ƙanwarsa.

Mutanen unguwa ba hannun suke gani ba, tafiyar suke gani. Mutumin da aka fitar a ciccibe ga shi yana takawa har shagon mai burodi. Kafin a ce haka magana ta zaga Sabon Tasha cewa Irene ta yi wa ubanta allurar a ɓoye, zubar da tukunya kuwa wayo ne don kada a sace mata sirri kafin Turawa su saya. Har Mama Gloria ta huce, tana gaya wa mutane cewa yarinyar akwai zurfin ciki. Bakin rafin Romi ya cika da ramuka. A kasuwa aka fara kasa tafashiya kusa da barkono. Irene ta musa ga duk wanda ya tare ta, su kuwa sai su yi murmushi su ce, "Mun gane, Dakta."

Wata Asabar da hantsi keke ya tsaya a ƙofar gidansu. Wata mata ta fito a gigice, ta ce sunanta Chidinma, mijinta Ambrose yana sayar da kayan gyaran mota a Kakuri. Yana kwance a bayan keken, kansa a cinyar ɗan'uwansa, miyau na zuba ta gefen baki, numfashinsa na kurari.

"Anti, don Allah ki taimaka. Tun shekaranjiya ya faɗi. Mun dafa saiwar, mun ba shi, mun ba shi, ba ya wucewa, sai tari. Sun ce naki na allura shi ne orijinal."

"Tun shekaranjiya? Ba ku je asibiti ba?"

"Sun ce asibiti ba sa iya wannan. Sun ce babanki..."

Irene ta taɓa goshin mutumin, zafi rau. Ba ta ko koma ɗaukar jaka ba, ta shige keken ta ce wa direba ya juya. A asibiti aka ce ruwan dafuwar ya cika masa huhu. Ambrose bai kai Litinin ba.

Ran nan ba kuka Irene ta yi ba. Fushi ne ya kama ta. Ta rasa wa za ta kama da shi: masu kasa saiwa, ko bakin Baba, ko ita kanta da ta zauna a ƙofar gida tana ba tsoho labarin ɓeraye.

Lahadin makon da ya biyo ita ce ranar sujadar godiya ta Baba Elisha. Coci ya cika har waje. Matan Zumunta suka dafa shinkafa, suka zo da tulunansu na kiɗa. Aka rako tsohon gaba da rawa, Ernest na riƙe da shi, Irene na biye. Fasto Matthew ya karɓi lasifika, ya yi wa Ubangiji kirari, sannan ya ce, "Allah yakan yi aikinsa ta hannun 'ya'yanmu. Ga 'yarmu Irene, wadda Ubangiji ya buɗe wa ido a kan saiwar da muke takawa kullum. Da maganinta uban nan ya tashi. Ku tafa wa Yesu!"

Cocin ya ɗauka. Irene ta tako ta miƙa hannu. Fasto ya ba ta lasifikar da fara'a, yana zaton godiya za ta yi.

"Ina gaishe ku cikin sunan Ubangiji," ta ce, ta jira aka amsa. "Baba Fasto, ka yi haƙuri, ba haka aka yi ba. Ban ba Baba komai ba. Ba allura, ba saiwa. An kai shi asibiti da wuri, abin da ya taimake shi ke nan, sai gashi, sai ikon Allah."

Tafin ya mutu a hankali. Ernest ya yi mata magana ƙasa-ƙasa, "Irene, ba nan ba." Ta yi kamar ba ta ji ba.

"Abin da nake aiki a kai ba magani ba ne tukuna. Wataƙila wata rana ya zama, wataƙila kuma ba zai taɓa zama ba. Ran Alhamis aka tafi da gawar wani mutumin Kakuri garinsu, saboda an ce masa gidanmu akwai magani. In bakin mutum ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, kada ku hura wuta, kada ku ba shi ko ruwa. Ku tari keke. Wanda ya ga dama ya ce ba ni da kunya, an riga an faɗa. Duk tukunyar da na gani a kan majinyaci, wallahi sai na zubar."

Wani dattijo ya yi gyaran murya saboda rantsuwar. Mama Gloria ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanenta. Can baya wata murya ta ce, "Ɓoyewa take yi!" wasu suka yi guna-guni suna goyon baya.

Fasto Matthew mutum ne mai son a rabu lafiya. Ya karɓi lasifikar yana murmushin dole, ya ce, "To, to, ga mai jikin nan ai. Baba Elisha, kai za ka raba mu. 'Yarka ta ba ka maganin nan ko ba ta ba ka ba? Ko da kai ne ka gyaɗa mana."

Ya kai lasifikar bakin tsohon. Baba Elisha bai gyaɗa kai ba. Ya ƙanƙame sandarsa, leɓɓansa suka yi ta kokawa, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ana jin numfashinsa a cikin lasifika har waje. Sannan, karon farko tun daga gadon asibiti, ya juyo ya dubi Irene ido cikin ido.

"Ta... hana... ni."

Sai wata mata ta rangaɗa guɗa: "Ya yi magana! Baba ya haɗa magana!" Tuluna suka ɗauka, mawaƙa suka miƙe, Ernest ya rufe fuska da hannu yana kuka. Rabin jama'ar murnar maganar suke yi, ba su ma tsaya jin abin da ta ƙunsa ba. Amma Irene ta ga wasu ba su tashi ba. Mama Gloria na cikinsu, tana zaune tana kallon tsohon, hannunta a kan baki.

Baba bai ɗauke ido daga kanta ba. Ɓarin fuskarsa ɗaya a sake yake, ɗayan a ɗaure, ta kasa karanta ko wanne. Tana tsoron ƙara ce ya kai ta gaban jama'a, tana kuma fatan shaida ce ya ba ta, ga shi ba ta da ƙarfin halin tambaya.

Da aka zo sauka daga matakalar bagade, Ernest ya matso zai riƙe shi. Tsohon ya miƙa masa sandar. Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kafaɗar Irene, ya damƙe, yatsunsa na tsohon marini suka nutse mata har ƙashi. Ta ji zafi sosai. Ba ta janye ba, shi ma bai sassauta ba, suka fara sauka.